Lasifika da Haƙƙin Maƙwabci

Lokacin bukukuwa ya kama, kuma nan Agege kusan duk ƙarshen mako sai an kafa rumfa a kan layi, an ɗauko DJ ko masu kalangu. Aure sunna ne, bayyana shi ma haka. To amma hana maƙwabci barci har ƙarfe biyun dare fa?

A Suratu Luƙman, aya ta 19, Luƙman ya hori ɗansa da ya sassauta murya. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya hana su cutar da juna. Karatun Alƙur'ani ke nan fa, balle ganga.

Hukuma ma ba ta wasa. Hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwannin zama: desibel 55 da rana, 45 da dare. Wannan 55 ɗin bai wuce hirar mutum biyu ba. A 2016 gwamnati ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda hayaniya, don haka kada mu ce na makaɗa ne kawai.

Mai shirin biki a waje ya nemi izinin LASEPA da wuri, ya kuma sanar da maƙwabtansa, Musulmi da Kirista. Takardar izini dai ba ta sauke maka haƙƙin majinyaci ko mai jego ba.

Daga wannan Juma'ar, lasifikarmu ta waje ta kiran salla ce kawai. Karatun dare da ta ciki za a yi. Wanda bai san yadda ake neman izini ba ya ga sakataren masallaci bayan salla.