Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

A hunturun da ya wuce na je gaisuwar mutuwa a unguwarmu, nan Illela. Yaro ne ɗan shekara biyu ya tarar da kananzir cikin robar lemo a gindin murhu, ya ɗaga ya sha. Duk wanda ya shigo zaure sai ya ce, "Haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara." Ni ma haka na faɗa. To, amma tun daga ranar tambaya ɗaya ke cin raina: ina iyakar ƙaddara, ina kuma sakaci ya soma?

Babu mai musun cewa rai da ajali a hannun Allah suke. Sai dai Wanda Ya rubuta ajali Shi ne kuma Ya ba mu 'ya'ya amana, Ya ba mu hankalin da bai ba su ba tukuna. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, saboda haka sanin yana wuyan babba.

Mu tuna abin da ya faru a Zamfara cikin 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega, ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar dalma ta shiga jinin yara, aka rasa kimanin 400. Waɗannan iyaye neman abinci suke yi, ba su san guba suke dakawa ba. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Da aka gane, aka fitar da aikin daga gidaje, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, sai mace-macen suka ragu ƙwarai.

Mu fa? Magidancin da ke jera jarkokin fetur a ɗaki kafin ya tsallaka da su Ƙonni, alhali ga kaskon wuta ga mai rarrafe, ya san abin da ya ajiye. Na yarda talauci ne ya kai shi, amma talauci bai hana rufe rijiya ko ɗora fiya-fiya can saman katanga ba.

A ganina, kalmar ƙaddara ta bayan aukuwa ce, da ita ake sanyaya zuciyar uwa. Wanda ya jawo ta tun kafin aukuwa, ya mai da ita mafakar lalaci.

'Yan uwa marubuta, a zaman makoki ba a faɗin wannan magana, kuma bai kamata a faɗa ba. Wurin faɗinta shi ne alƙalaminmu, tun yaran suna raye.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.