Laifin Rawa Ne Ko Na Mai Kunna Ta?

Mai karatu, bari in kai ka Rasha, inda aka taɓa yin labule da rawa.

A 1877 aka fara nuna wasan rawar bale mai suna Swan Lake a gidan wasan Bolshoi na Mosko, da kiɗan Caikofski. Ba mai cewa uffan, jiki ke magana. Boka ya mayar da wata budurwa tsuntsuwar ruwa, yarima ya kamu da son ta, sai bokan ya kawo 'yarsa cikin kamanninta, gogan naka ya rantse wa ta bogi. Ka ga tushen labarin ma yaudara ce.

Ran 19 ga Agusta 1991 wasu ƙusoshin gwamnati suka yi yunƙurin kifar da Gorbacof. Tankokin yaƙi na bin titunan Mosko, talbijin kuwa sai maimaita Swan Lake take yi. To, 'yan rawar nan da suka sha wuyar horo tun suna yara, da hannunsu a rufa-rufar? A ganina babu, tsohon ɗauka ne aka kunna. Amma fa ban wanke rawar tas ba, don kyanta ne ya sa aka zaɓe ta. Mummunan abu ba ya riƙe ido.

Sai dai dabarar ba ta ci ba. Mutane sun saba ganin wasan in shugaba ya mutu, suna gani suka san ba lafiya. A Maris 2022, da aka matsa wa tashar Dozhd ta dakatar da aiki, ma'aikatanta suka fice suka bar Swan Lake a allo.