Rijiyar da Ba a Ɗaure Ba

Duk wanda ya tashi a Jiratawa ya san ba a wasa da rijiya. Ƙasar gulbi rairayi ce, saurin zubewa gare ta. Shi ya sa maginin rijiya ba ya yin nisa sai ya ɗaure bango da siminti, ba ya kuma sauka sai ya ja igiya ya ji ƙarfinta. Da irin wannan haƙuri, da ruwan fadamar da aka gyara tun farkon shekarun 1980, zogala da albasa da tattasai na garin nan suke cika kasuwannin Maradi.

Sai ga zinariya. A shekarar 2014 labarin zinariyar Jado, can arewacin jihar Agadas, ya cika ƙasa. Samari suka kwarara daga Maradi da Damagaram, wasu daga Cadi da Sudan. Cikin 'yan makonni gari ya tashi a inda babu ko inuwa: rumfunan buhu da na leda, mai shayi, mai tuwo, mai cajin waya, da mai sayen zinariya zaune da ɗan sikelinsa. Ruwa a mota ake kawo shi daga nesa, a sayar da tsada, har wanka ya zama sai mai hali. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo da abin kirki masu sayar da ruwa da abinci ne, ba masu shiga rami ba. A 2017 gwamnati ta rufe wurin.

A 2021 abin ya iso ƙofar gida, yankin Ɗan Isa, a gundumarmu ta Madarunfa. Aka yi ta haƙa ramuka kusa da juna, kowa yana bin jijiyar zinariya ta ƙarƙashin ramin ɗan'uwansa. Babu siminti, babu katakon tokare bango, don kowa gani yake in ya tsaya ɗauri wani zai riga shi. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba, ramuka suka rufta a Garin Liman da ke yankin. Aƙalla mutum 18 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Gwamnan Maradi na lokacin, Zakari Umaru, ya je wurin, daga baya aka ba da umurnin rufewa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ilimin da zai tsare rayukan nan yana hannunmu. Maginan rijiyarmu sun san inda ƙasa take riƙewa da inda take cin amana, amma ba a nemi shawararsu ba. Ban ga laifin saurayin da talauci ya kora rami ba. Laifin yana wuyan mai kuɗin da ke ciyar da mahaƙa don a raba riba da shi, amma ya ƙi sayen buhun siminti, da hukumar da ba ta leƙa wuri sai an yi gawa.

Iyaye, in ɗanku ya ce zai tafi zinariya, ku tambaye shi wa ya ɗaure ramin da zai shiga. In bai sani ba, kada ku sallame shi.