Idan Amana Ta Bi Hannu Goma, Wa Za A Tambaya?



Duk lokacin da aka yi gobara ko gini ya rufta da mutane, tambaya ɗaya ce ke dawo mini. Idan abu ya lalace a hannun mutane da yawa, kowa ya saka ɗan hannunsa amma babu wanda ya ƙyasta ashana, wa ke ɗauke da alhakin? Mu dai amsarmu a shirye take: ƙaddara ce. A yi jaje, a yi addu'a, a watse. Yau ina so mu tsaya a kan tambayar. Misalin da zan kawo daga Landan yake, saboda a can an shafe shekara bakwai ana bincike, aka baje komai a faifai, don haka za mu iya bin sawun abin daki-daki.

A daren 14 ga Yuni 2017, cikin goman tsakiya na Ramadan, gab da ƙarfe 1 na dare, firij ya kama da wuta a wani gida da ke hawa na huɗu na benen Grenfell a yammacin Landan. Bene ne mai hawa 24, mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, ɗaya daga cikin yankunan da suka fi arziki a Burtaniya. Amma mazauna benen galibinsu 'yan haya ne masu ƙaramin ƙarfi, da yawansu Musulmi 'yan asalin Maroko, Sudan, Masar, Siriya, Eritiriya da sauransu. Wutar ta fita ta taga, ta kama allunan da aka lulluɓe bangon waje da su, kafin rabin sa'a ta kai ƙololuwar benen. Mutum 72 suka rasu, 18 daga cikinsu yara. An ruwaito cewa wasu Musulmi da ba su kwanta ba saboda jiran sahur su suka riƙa buga ƙofofi suna tashin maƙwabta. Allah Ya jiƙan 'yan uwanmu da suka rasu, Ya ba iyalai haƙuri.

To, ku lura da hannuwan da amanar benen ta bi.

Ƙaramar hukuma ce mai gida, amma ta miƙa kula da gidajenta ga wata hukumar daban. Tsakanin 2015 da 2016 aka yi wa benen kwaskwarima. Da farko an tsara lulluɓe shi da wani irin allo da ba ya saurin kama wuta, sai aka canza zuwa na alminiyam mai roba a tsakiya, don a rage kusan fam 300,000. Ita kuwa wannan roba idan ta ji wuta narkewa take tana ci tana zuba. Araha ba ta ado. Kamfanonin da suka ƙera kayan, binciken ya tabbatar sun yi ha'inci da gangan wajen gwaji, sun ɓoye abin da suka sani. Mai zanen gini ya ɗauka ɗan kwangila zai duba, ɗan kwangila ya ɗauka ƙaramin ɗan kwangilar da ya kafa allunan ya duba, shi kuma ya ɗauka ofishin duba gine-gine na ƙaramar hukuma zai hana idan da matsala. Ofishin kuwa ya sa hannu. Matakala ɗaya ce tak a benen. Ƙofofi da dama da aka tsara su rufe kansu don tare hayaƙi sun lalace, duk da cewa hukumar kashe gobara ta rubuto takardar a gyara a ƙarshen 2016. Su ma 'yan kwana-kwana, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar birnin gaba ɗaya, sun ci gaba da gaya wa mutane kowa ya zauna a gidansa har ƙarfe 2:47, alhali wuta ta riga ta zagaye benen. Gwamnatin ƙasa kuma an ja kunnenta tun bayan gobarar wani bene a kudancin Landan a 2009, inda mutum 6 suka mutu, amma ba ta gyara ƙa'idojin gini ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mazauna benen ba su yi shiru ba. Sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru. A watan Nuwamba 2016 wasunsu suka rubuta a fili cewa da alama sai an yi babbar gobara an rasa rayuka kafin a saurare su. Aka ɗauke su masu neman fitina. Bayan wata bakwai abin ya faru.

Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Martin Moore-Bick ya fitar da rahotonsa na ƙarshe ranar 4 ga Satumba 2024, ya ce dukkan mace-macen nan abu ne da za a iya kauce masa. Ya wanke mutumin da wutar ta tashi a gidansa tun a rahoton farko. A zaman kwamitin kuwa, kusan duk wanda ya zo sai ya nuna na kusa da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu mu koma wajen malamanmu na fiƙihu, don wallahi sun daɗe da warware irin wannan.

A babin lamuni sun raba mai ɓarna gida biyu: wanda ya yi ta da hannunsa, da wanda ya zama sanadi. Misalin da suke bayarwa shi ne mutumin da ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba. Idan wani ya hankaɗa mutum ciki da gangan, mai hankaɗawa za a kama. Idan kuwa mutum ya faɗa cikin duhu babu wanda ya tura shi, lamuni na kan mai haƙa, ko da lokacin yana gida yana barci. Firij ba shi da nufi, ba a tuhumar sa. Wuta takan tashi a kicin a kowane gari, a kashe ta a kicin. Abin da ya mayar da wutar kicin ɗaya ta zama ajalin mutum 72, shi ne rijiyar da aka haƙa tun da rana tsaka, da biro da takarda.

Akwai kuma mas'alar katangar da ta karkata zuwa hanya. Malaman Malikiyya suka ce idan aka gargaɗi mai ita, aka kafa masa shaidu, ya samu lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, sai ta faɗa wa wani, to ya lamunta. Wasu suka ce idan haɗarin ya bayyana ƙarara ba sai an jira gargaɗi ba. Idan kuma tun farko a karkace ya gina ta, babu maganar gargaɗi sam. Ka ga a nan gargaɗi shi ke raba tsautsayi da sakaci. Kafin a faɗa maka kana iya cewa ban sani ba. Daga ranar da takarda ta iso teburinka, wannan ƙofa ta rufe.

Wani zai ce: Malam, ai mutane goma ne, kason kowa ɗan kaɗan ne. Wannan lissafin kasuwa ne, ana raba riba da yawan masu hannun jari. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, an kawo masa shari'ar wasu mutane a San'a da suka taru suka kashe mutum ɗaya, ya zartar da ƙisasi a kansu duka, don kada taruwa ta zama hanyar tsira daga hukunci. Ban ce abin da ya faru a Grenfell kisan ganganci ne ba, hukuncinsu daban ne. Darasin da nake ɗauka shi ne yawan hannu ba ya narkar da alhaki. Wanda aka ce ya duba allo, duba allon gaba ɗaya amanarsa ce. Wanda aka ce ya gyara ƙofa, ƙofar gaba ɗaya a wuyansa take. Hadisin nan sananne da ya mayar da kowannenmu makiyayi abin tambaya bai ce za a tambayi ma'aikata ko kwamiti ba, ɗaiɗai za a tsayar da mu.

Amma adalci ya sa in faɗi wani abu. Ba daidai suke ba. Jami'in da ya duba aikin benen ya shaida wa kwamitin cewa ayyuka sama da 100 ne a kansa a lokacin, bayan an rage ma'aikatan ofishinsu. Wannan ba ɗaya yake da wanda ya san kayansa na cin wuta ya sayar ba. Shari'a na duba iko da sani da nufi. Sai dai nauyin da aka sauke daga kan jami'in da aiki ya fi ƙarfinsa ba ya ɓacewa a iska, hawa sama yake yi zuwa ga wanda ya rage ma'aikatan, da kansilolin da aka zaɓa don su sa ido suka tsaya tambayar launin allo da farashinsa. Shugaba na iya wakilta aiki, amma bibiyar wakilin tana nan a kansa. Shi ma jami'in akwai abin da ya rage masa: ya ce ban duba ba, ba zan sa hannu ba. Sa hannu shaida ce, kuma mun san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai.

Saura maganar ƙaddara. Mun yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi, babu ran da zai fita kafin lokacinsa. Ya kuma tabbata cewa wanda gobara ta kashe yana cikin waɗanda ake yi wa fatan ladan shahada. Wannan magana ce da ake gaya wa uwar da ta rasa ɗanta don zuciyarta ta yi sanyi. Idan ta fito daga bakin wanda ya ƙi gyara ƙofa, ta zama mafaka. Malamai sun ce ana jingina da ƙaddara wajen haƙuri da musiba, ba a jingina da ita wajen wanke laifi. Lokacin da Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Sai ya ba shi misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ne, amma hankali ya san inda ya dace. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka ba shi labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, umarni ya bayar a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Shi ne ya fi kowa imani da ƙaddara, kuma abin da ya fitar daga gobarar doka ce ta rigakafi.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma ba ita ce ta farko ko ta ƙarshe a kasuwanninmu ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara, kashe gobara kuma galibi yana hannun jiha da tarayya. Ka ga mu ma amanar a rarrabe take. Ku shiga kasuwar garinku ku duba. Hanyar da aka bari don motar kwana-kwana, wa ya yanka ta ya mayar shaguna? Wa ya karɓi kuɗin? Wayoyin wutar da ke sarƙe kamar saƙar gizo, wa ke wucewa ta ƙarƙashinsu kullum yana yankar rasit? Mai gidan hayan da ya cusa iyali goma a gida mai ƙofa ɗaya, ya sa wa tagogi ƙarfe ciki da waje, ya taɓa tunanin ta ina za su fita? Mu limamai ma muna ciki: masallaci ya cika ranar Juma'a, ƙofofin gefe a garƙame da kwaɗo, makulli na aljihun wanda ya tafi ƙauye.

Don haka ga abin da nake roƙo. Idan kai kansila ne ko shugaban ƙaramar hukuma, ka nemi takardun ƙorafin da ke ofishinka ka karanta da kanka, ka je wurin da ƙafarka. Mai yawan ƙorafi ba maƙiyinka ba ne, shi ne shaidar da za a kafa maka gobe. Idan kai ma'aikaci ne, kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, ko oga ya ɓata rai. Idan kuma kai ɗan kasuwa ne ko ɗan haya ko mai unguwa, kada ka tsaya a gunaguni a majalisa. Ku rubuta, ku sa kwanan wata, ku je ku biyu ko uku ku miƙa, ku riƙe kwafi. Wannan shi ne gargaɗi da kafa shaidu da malamai suka faɗa. Yana cikin umarni da kyakkyawa, kuma ko ba a saurare ku ba kun sauke naku.

Bayan gobarar Grenfell, masallacin Al-Manaar da coci-cocin unguwar ne suka buɗe ƙofofinsu tun da asuba suna ba mutane abinci da wurin kwana, yayin da ƙaramar hukuma ke ta lalube, har shugabanta ya sauka a ƙarshen watan. Jama'a ba su taɓa gazawa wajen jaje ba, a can ko a nan. Abin da nake fata shi ne rabin ƙarfin da muke zuwa da shi jaje mu riƙa zuwa da shi ofishin ƙaramar hukuma tun katangar tana tsaye.

Allah Ya tsare mu da gobarar duniya da wutar lahira, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.