Ruwan Wankin Hoto da Amanar Daji

Tambayar da nake so mu tattauna a kanta ita ce, shin ɓarnar da ba wanda ya gani, kuma ba mai kai ƙara, laifi ce? Bari mu ɗauki misalin mai ɗaukar hoto wanda ya kafa tanti a daji, ya yi niyyar wanke fim ɗinsa na baƙi da fari a bakin rafi.

Aikin ba shi da wuya. Zai zura hannuwansa cikin baƙar jaka wadda haske ba ya ratsa ta, ya naɗe fim ɗin, ya rufe shi cikin ɗan gwangwani. Sa'an nan ya zuba ruwan magani na farko, mai ɗumin digiri 20, wanda ke fito da sura, ya bi da na biyu wanda ke kafe ta, kana ya ɗauraye. To, a nan gizo ke saƙa. Ruwan farko galibi yana ɗauke da sinadarin haidirokwinon, wanda guba ne ga kifi, na biyu kuwa ya kwaso azurfar da ta narke daga jikin fim. Ina zai zubar da su?

Wani zai ce ai kofi biyu ne kacal, rafi zai tafi da su. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In kowane mai tanti ya kafa wannan hujja, wa ya kashe rafin? Kowa, kuma ba kowa ba.

Mu tuna da William Henry Jackson, wanda a 1871 ya wanke hotunan Yellowstone ta Amurka a cikin tanti, a kan farantan gilashi. Hotunan nan suna cikin abubuwan da suka sa majalisar ƙasar ta keɓe wurin a 1872 don kada a ɓata shi. Ashe hoto shaida ce cewa wuri ya cancanci a kiyaye shi. Wanda ya ɗauki hoton rafi, sa'an nan ya zuba masa guba, ya ƙaryata shaidarsa da hannunsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, a ganina rashin mai gani ba ya wanke kowa. Kifin rafi ba ya kai ƙara, kuma wannan raunin nasa shi ne ya ɗora mana amanarsa. Abin da ya wajaba shi ne mai hoto ya juye ruwan cikin jarka, ya toshe, ya koma gari da shi, ko da kayansa sun ƙara nauyi.