Daga Azahar Zuwa Almuru

Muna da tambaya. Sa'ad da aka tashi daga makaranta da azahar, ina 'ya'yanmu su ke har almuru? Uba yana gona ko kasuwa, uwa tana gindin murhu, kowa yana tsammani yaro yana hannun wani.

Cikin Matta sura 12 Ubangijinmu ya ba da misalin ƙazamin ruhu wanda ya fita daga mutum, ya komo ya tarar da gidan a share, a gyare, amma ba kowa ciki. Bai koma shi kaɗai ba, sai da ya ɗauko waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Haka yammacin yaro ya ke. Mun yi masa wanka, mun biya kuɗin makaranta, mun kai shi sujada ran Lahadi, sa'an nan muka bar masa sa'o'i huɗu kowace rana ba mai tsaro.

Mutanen Kurya Madaro da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san wannan da zafi. A watan Satumba 1 ga wata, 2021, aka sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu duka. Yini ɗungum ya zama kango. Amma mai sayar da ƙwaya bai rufe ba. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, duk da haka mai nema yana samun abin maye. 'Yan bindiga kuwa ba dattijo su ke nema ya sayo musu man fetur ko ya kai musu labarin gari ba. Yaro su ke so, wanda ba wanda zai tambaye shi inda ya yini.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu a nan, gama da la'asar yaransu suna Islamiyya ko makarantar allo. Mu fa? Majami'armu a kulle take daga Litinin zuwa Asabar, sai ƙadangaru.

A shekarar 1883 wani malamin makarantar Lahadi a birnin Glasgow, William Smith, ya ga samarin ajinsa sun gagare shi. Bai kore su ba. Ya tara su da maraice cikin mako, ya koya musu fareti da biyayya da Littafi Mai Tsarki. Nan Boys' Brigade ta fara, ta iso Ikko a 1908.

Ba sai da ganga da kaki ba. Ƙwallo ɗaya, allo, keken ɗinki domin 'yan mata, da mai bi guda wanda zai kira sunan kowa, in wani bai zo ba ya taka har gidansu. A buɗe da ƙarfe huɗu, a sallame su tun rana ba ta faɗi ba saboda halin hanya. Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya su zauna cikin wannan wata su zaɓi wanda zai riƙe mabuɗi.