Sawun Yatsa a Jikin Dodo

Muna yara a Gayam, da damina ta sauka sai mu nufi bakin rafi mu kwaɓa laka mu ƙera shanu. A yi musu ƙaho da ƙaya, a ɗora tozo, a shanya a rana. In sun bushe sai a haɗa su karo, kowa na riƙe da nasa yana yi masa kuka da baki. Babu wanda ya taɓa zaton bijimin nan zai tashi ya ci ciyawa, tunda sawun babban yatsan mai shi na nan a cinyarsa. Amma in ƙahonsa ya karye har hawaye ake yi.

Bijimin nan na tuna ranar da na fara kallon King Kong na 1933. Willis O'Brien ne ya jagoranci motsa dodannin fim ɗin, kamar yadda ya tayar da dabbobin dainaso a The Lost World na 1925. Dabarar ba ta da wani sirri. A ƙera ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi, a lulluɓe shi da roba, a ɗau hoto ɗaya, a ɗan karkata wuya, a sake ɗauka. Majigi na cin hoto 24 a sakan guda, wato minti ɗaya sai an tara hoto 1,440. Shi gwaggon birin tsawonsa kamar inci 18 ne, an rufe shi da gashin zomo. Duk taɓawar da aka yi masa sai gashin ya kwanta wani gefe, shi ya sa a allo jikinsa ke kaɗawa kamar iska na busa shi. Yatsun masu aikin ne muke gani.

Hukuncin ƙera surar mai rai na bar wa malamai. Abin da ke damuna daban ne: shin ruɗin da ya bar sawu ya fi wanda ya share sawunsa tsabta?

Na daɗe ina amsawa da e, har na ci karo da labarin Arthur Conan Doyle. A 1922 ya haska wa taron masu dabo a New York wani ɓangaren gwajin O'Brien, ya ƙi faɗin inda ya samo shi, har jaridar New York Times ta rasa me za ta kira abin da aka gani. Ashe su ma sun ruɗi mutanen zamaninsu. Sawun yatsan kuwa gazawar hannu ce, da O'Brien ya samu yadda zai goge shi da ya goge. Ban ga dalilin yaba wa mutum gaskiya kan abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da na yarda da shi yanzu shi ne tsada. Ray Harryhausen, almajirin O'Brien, wanda ya yi The Valley of Gwangi a 1969, ya shafe wata huɗu da rabi yana motsa kwarangwal bakwai don faɗan 'yan mintoci a Jason and the Argonauts na 1963. Wanda zai biya wannan farashi ba zai ɓata shi kan tsorata maƙwabcinsa ba, kuma sunansa na rubuce a jikin aikin. Jurassic Park na 1993 ya mayar da wani ɓangare na aikin cikin kwamfuta, amma ko shi sai da aka tara ƙwararru da kuɗi masu yawa. Yau yaro mai waya da data zai rubuta jimla biyu, manhaja ta ba shi bidiyo kafin shayinsa ya huce.

Ga mutumin Birnin Gwari wannan ya wuce zancen fim. Mun yi shekaru muna auna rayuwa da saƙon waya: a bi hanyar Kaduna yau ko a bari, a kwana a gida ko a kwashe yara. Akwai daren da aka turo bidiyon ƙauye na ci da wuta a zauren danginmu na WhatsApp, aka ce kusa da mu ne. Gwaggona ta ɗaure kayanta. Da gari ya waye aka gane tsohon bidiyo ne na wani wuri. Wannan ma na gaske ne aka sauya wa suna, ana iya bin diddiginsa. Wanda inji ya ƙirƙira ba shi da asalin da za a bi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ranar da wani zai ɗauko harin gaske a bakin dajin Kamuku, hannunsa na rawa, a kalla a ce masa ai haɗawa aka yi.

Ni ma ba bare ba ne a wannan. Sana'ata rubuta manhaja, kuma rabin aikina ɓoye ɗinki ne, don kada mai amfani ya ga inda aka haɗa. Ana biyana a kan haka, ina kuma jin daɗinsa.

Da hutun sallah na zauna da ɗan yayata, muka ƙera sa na laka, muka jingina waya da bulo. Hoto 120 muka ɗauka, ya ba mu tafiyar sakan biyar. A tsakiya yatsansa ya shigo cikin hoto ɗaya. Ya ce, "Kawu, goge shi, ya ɓata min sa." Na ce ya bari sai gobe. Bidiyon na nan a wayata, har yanzu yana tambaya.